Karyewar haƙoran yara 'yan makaranta: ƙiriniya ce kawai, ko da abin da ke jawo ta?

Me ya sa yara biyu za su yi karo a filin makaranta, ɗaya ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya ci gaba da gudu, ɗayan kuma ya tashi baki jina-jina, da guntun haƙori a tafin hannu? Duk sa'ad da aka koma makaranta bayan hutu wannan magana sai ta taso, a zauren WhatsApp na iyaye ko a taronsu da malamai. Uwa ta ce malamai ba sa lura da yara. Malami ya ce yaron ne ba ya jin magana. Kaka kuma ta raba gardama da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ai zai sake fitowa. Kowannensu na da ɗan abin kamawa, amma akwai abin da su ukun suka tsallake. Likitocin haƙori sun daɗe da gano cewa yaran da haƙoransu ke karyewa suna da abubuwan da suka haɗa su, kuma yawancin abubuwan nan ana iya ganinsu da ido tun kafin ranar ta zo.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1 ne suka taɓa samun rauni a haƙori ko a baki, kuma a cikin yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa abin ya kai wajen kashi 20 cikin 100. Wato a ajin da ke da yara 60, kar a yi mamaki in an sami 12 da abin ya shafa. A ranar lafiyar baki ta duniya, 20 ga Maris, maganar goge baki da shan zaƙi ce ke cika gidajen rediyo. Wannan ɓangaren da wuya a ji an taɓo shi.

Wane irin rauni ake nufi?

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai wani ƙashi mai ɗan rawaya da ke jin sanyi da zafi. A can tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Saiwar haƙori tana cikin rami a ƙashin muƙamuƙi, kuma wasu siraran zaruruwa masu rai ne ke ɗaure ta da ramin. A riƙe maganar zaruruwan nan, za mu dawo kansu.

Raunin da ya fi yawa shi ne ɓantarewar ɓawo, ko ɓawo da ɗan ƙashin da ke ƙasa. In karayar ta kai ga ɓargo za a ga ɗigon ja a tsakiyar wurin, kuma wannan ba abin jira ba ne. Wani lokaci haƙorin ba ya karyewa, sai ya yi girgiɗi, ko ya karkace, ko ya nutse cikin dasashi kamar ƙusar da aka buga. Mafi muni shi ne ya fice gaba ɗaya da saiwarsa. Akwai kuma mai ɓoyewa: haƙori ya bugu, ba a ga komai ba, bayan wata uku ko shekara ya fara yin duhu, ko ƙurji ya fito a dasashin da ke samansa. Jijiyar ce ta mutu a hankali.

A kusan ko'ina aka yi bincike a duniya, haƙoran gaba guda biyu na sama su ne suka fi shan wannan wahala, domin su ne a sahun gaba in fuska ta haɗu da ƙasa.

Shekarun famfara

Kalmar "zai sake fitowa" ta salwantar da haƙora da yawa. Haƙoran yarinta 20 ne, na girma 32. Yaro kan fara famfara wajen shekara 6, kuma haƙoran gaba na sama na dindindin kan fito tsakanin shekara 7 zuwa 8. Saboda haka babban haƙorin nan mai faɗi da ake gani a bakin ɗan aji biyu ko aji uku, wanda kamar ya fi ƙarfin fuskarsa, shi ne na ƙarshe. Babu wani a bayansa. Da muna yara ana ce mana mu rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, wai haƙorin ba zai fito ba. Wancan giɓin na famfara ne, kuma zai cike ko ƙadangare ya gani ko bai gani ba. Giɓin da faɗuwa ta bari a bakin ɗan shekara 9 ba ya cikewa.

Abin da ya sa wannan shekarun suka fi haɗari shi ne haƙorin ya fito amma bai gama kafuwa ba. Saiwarsa ba ta kammala sai wajen shekara 10, ƙashin da ke riƙe da shi kuma yana da ɗan taushi. Bugun da zai ɓantare haƙorin babban mutum yana iya tumɓuke na ɗan shekara 8 ɗungurungum. Kuma daidai wannan lokacin ne yaro ke fara hawan keke, da buga ƙwallo da waɗanda suka girme shi, da tafiya makaranta ba rakiya.

Haƙoran yarinta ma ba a yi musu rikon sakainar kashi. Na girma yana kwance a ƙarƙashinsu yana haɗuwa. In ɗan shekara 3 ya faɗi haƙorin ya nutse, yana iya taɓa na ƙasa, bayan shekaru ya fito da tabo ko a murɗe.

Abin da ke bakin yaron kansa

Nan ne ya kamata iyaye su fi tsayawa, domin shi ne abin da aka fi tabbatarwa kuma aka fi mantawa. In yaro ya haɗa turamensa ya cije, haƙoran gaba na sama kan ɗan wuce na ƙasa da kamar milimita 2 zuwa 3. Wannan daidai ne. In tazarar ta wuce milimita 3, bincike ya nuna haɗarin rauni kan kusan ninkawa, kuma yana ƙaruwa gwargwadon yadda haƙoran suka turo. Yaran da muke cewa haƙoransu zaƙo-zaƙo, su ake nufi.

Sai kuma leɓe. Leɓen sama kamar matashi yake ga haƙori, shi ke karɓar bugu kafin ya isa. Yaron da leɓensa ba ya rufe haƙoransa in yana zaune shiru, haƙorinsa ne zai fara taɓa siminti. Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. A kalli yaro lokacin da hankalinsa ya tafi, yana kallon talabijin ko yana rubutu. Bakinsa a rufe yake ko a sake? Haƙoran sama suna leƙowa? Suna hawa kan leɓen ƙasa? Sannan a dube shi ta gefe.

Wani turowar gado ne, za ka gan shi a bakin uba ko kawu. Wani kuwa ɗabi'a ce ta gina shi. Tsotson yatsa da ya wuce shekara 4 zuwa lokacin famfara yana tura haƙoran sama waje, ya danne na ƙasa ciki. Haka daɗewa ana tsotson bulumboti ko robar da ake sa wa jarirai a baki. Akwai kuma yaron da kullum hancinsa a toshe, da baki yake numfashi, da dare yana minshari kamar babba. Sau da yawa wata tsoka ce ta kumbura a bayan hancinsa, kuma likitan kunne da hanci da maƙogwaro na iya duba shi. Irin wannan yaron akan yi ta yi masa tsawa a kan ya rufe baki, alhali in ya rufe ba zai sami iska ba.

Haƙorin da tsutsa ta ci shi ma ya riga ya yi rauni, abu kaɗan ke fasa shi. Wanda ya taɓa karyewa kuma yana cikin haɗarin sake karyewa, domin duk abin da ya jawo na farko yana nan bai tafi ba.

Hali da lafiyar jiki

Maza sun fi mata samun wannan rauni, kuma dalilin a fili yake: ƙwallo, kokawa, langa, hawan katanga da bishiyar mangwaro. Wanda ya san langa ya san hannu ɗaya yana riƙe da ƙafa, saboda haka in an ture ka da wuya ka tare ƙasa kafin fuskarka ta isa. Amma kar a ɗauka 'yan mata sun tsira. Yarinyar da ke ɗauke da farantin talla a ka, hannayenta a sama, tana tsallaka kwata ko tana gudun babur, ba ta da abin da za ta kāre bakinta da shi.

Akwai yaran da larura ce ke sa su yawan faɗuwa. Mai farfaɗiya yana faɗuwa ba shiri. Yaron da ba ya gani sosai yana tuntuɓe da abin da kowa ya gani ya kauce, kuma da yawa ba a taɓa auna idonsu ba. Haka wanda ke da larurar ƙwaƙwalwa da ta shafi motsin gaɓoɓinsa. Sai kuma wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, yana aikata abu kafin ya yi tunani, wanda a gida ake ce masa mai rawar kai. A wasu yaran wannan larura ce da likitoci suka sani, kuma duka ba ya maganinta.

Ga kuma mayar da haƙori kayan aiki. Buɗe kwalbar lemo da baki abin burgewa ne a wajen yara maza, kuma daga manya suke koya. Fasa ƙwallon goruba, ɓare rake, tauna ƙashi, cizon murfin biro, duk suna barin ƙananan tsagu a ɓawon haƙori da ido ba ya gani, har ranar da ƙaramin bugu zai ƙarasa aikin.

Fili, bene da hanya

Ɗan yayana yana da shekara 8 lokacin da abin ya same shi. An fita tara, yara sun yi cincirindo a famfo ɗaya tilo da ke makarantar. Ya sunkuya ya kafa baki yana sha, wani ya turo na bayansa, na bayan ya faɗo masa. Bakinsa ya daki kan famfon. Da na je da yamma na tarar leɓen ya kumbura, an shafa masa man zafi, haƙorin kuma yana naɗe cikin takardar littafi a aljihun jakarsa, ya bushe ƙayau. Na ce, "Yaya, ba a kai shi asibiti ba?" Ya ce, "Malaminsu ya ce na famfara ne." Ba na famfara ba ne. Saiwarsa doguwa ce, kusan tsawon gaɓar yatsa.

Ban ga ƙiriniya a wannan labari ba. Na ga famfo ɗaya da ɗaruruwan yara, da minti 30 na tara, da rashin babba a wurin. Da yawan makarantun kuɗi a biranenmu gidajen haya ne aka mayar azuzuwa: matattakalar bene ƙunci, ba abin dafawa, tsakar gida an malale ta da siminti ko tayil mai santsi in ya jiƙe. A makarantun gwamnati kuma aji ya cika ya batse, benci ya karye ƙusa a waje, dandamali ya farfashe, in an kaɗa ƙararrawar tashi kowa ya yi ƙofa ɗaya.

Hanyar makaranta ma haka. Yara huɗu ko biyar a kan babur ɗaya, ƙaramin a kan tanki, haɓarsa daidai kan ƙarfen sitiyari. A cikin A Daidaita Sahu kuma ƙarfen da ke bayan direba yana daidai bakin ɗan firamare, burki ɗaya ya isa.

Talauci na da hannu, amma wadata ba ta hana. Ɗan talaka na wasa a kan titi da kangon gini, ɗan mai hali na da keke da bene da banɗaki mai tayil.

Hannun manya

Wannan ɓangaren ba a son faɗarsa. Ba duk haƙorin da aka ce faɗuwa ce ta karya shi ba ne faɗuwar ta karya. Mari da bayan hannu, jifa da abin da ke kusa, hankaɗa yaro ya daki bango, duk suna karya haƙori. Likitoci sun lura cewa fiye da rabin yaran da ake cin zarafinsu da duka, raunin a kai ko fuska ko wuya yake. Akwai kuma cin zalin da manyan ɗalibai ke yi wa ƙanana, musamman a makarantun kwana, da almajirin da ba shi da wanda zai kai wa ƙara. In labarin da aka bayar bai dace da raunin ba, ko yaro na yawan zuwa da rauni a fuska, ko ya yi tsuru-tsuru in an tambaye shi a gaban wani, a ja shi gefe a tambaye shi cikin lallashi. Ni dai ban ga tarbiyyar da ke buƙatar a taɓa fuskar yaro ba, kuma addini ma ya hana dukan fuska.

Ina mafita: a hana wasa ko a gyara wuri?

Wasu iyaye da zarar abu ya faru sai su ce a hana guje-guje, wasu makarantun ma su kulle yara a aji lokacin tara don gudun rigima. Ana fahimtar tsoronsu, amma yaron da ba ya gudu da tsalle ba ya koyon riƙe jikinsa, kuma ya rasa abin da lafiyarsa ke buƙata. Malamai kuma na cewa mutum ɗaya ba zai iya sa ido a kan yara 80 ba, kuma gaskiyarsu ne. Abin da ya fi araha shi ne a raba lokacin tara tsakanin manya da ƙanana, a sa malami a famfo da bakin bene, a zuba yashi a inda ake wasa, a cire benci mai ƙusa.

A ɓangaren likitoci kuma akwai muhawara kan yaro mai turarrun haƙora: a fara gyara tun yana 8 ko 9, ko a jira ya gama famfara wajen 12? Nazarin da cibiyar Cochrane, mai tattarawa da tantance binciken lafiya, ta fitar a 2018 ya nuna cewa fara gyaran da wuri na rage karyewar haƙoran gaba, ko da yake a ƙarshe kyan jerin haƙoran kusan ɗaya ne. Sai dai wayar gyaran haƙori na da tsada, masu sa ta kuma ba su da yawa, galibi sai a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ga wanda ba shi da hali, raba yaro da tsotson yatsa kafin famfara da magance toshewar hanci sun rage wani abu. Mai buga ƙwallo ko dambe kuma akwai robar kāre haƙora da ake tsomawa a ruwan zafi a cije ta ta ɗauki siffar baki.

Awa ɗaya ta farko

Mu koma kan zaruruwan nan masu rai. In haƙorin girma ya fice, suna nan manne a jikin saiwar, kuma muddin ba su mutu ba haƙorin na iya sake kamawa in an mayar da shi. Bushewa ce ke kashe su. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin raunin haƙori ta duniya ta sabunta a 2020 sun nuna cewa in haƙori ya yi minti 60 a bushe, da wuya a sami masu rai a cikinsu. Takarda, auduga da aljihu su ne makasansa.

A ɗauki haƙorin ta farin kansa, kar a taɓa saiwar. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi a hankali da madara ko ruwan ƙarin ruwa na asibiti, ba gogewa, ba sabulu, ba kankarewa. In yaron na cikin hayyacinsa a mayar da shi raminsa nan take, a sa shi ya cije tsumma mai tsabta, a nufi likitan haƙori. In an kasa mayarwa a tsoma shi a madara mara tsami. Nono da kindirmo ba sa yi, tsaminsu na lalata zaruruwan. In babu madara, yaron ya tofa yawunsa a kofi a sa haƙorin ciki. Ruwan leda ba shi da kyau ga saiwar, amma ya fi a bar ta ta bushe. Likita zai ɗaure haƙorin da na kusa da shi na kamar mako 2, ya duba maganar allurar tetanas, ya sa ranar dawowa.

Haƙorin yarinta kuwa ba a mayar da shi, don kada a raunata na ƙasa. Wanda ya kasa bambancewa ya sa a madara ya tafi da shi, likita zai gane. Guntun da ya ɓantare ma a tafi da shi a jiƙe, sau da yawa ana liƙa shi ya zauna. Amma in yaron ya suma, ko yana amai, ko ya rikice bayan faɗuwar, maganar kai ce ke gaba, a fara da sashen gaggawa.

Abin da giɓin ke jawowa

Yaron da ya rasa haƙorin gaba yana da shekara 8 ba za a iya dasa masa na ƙarfe a ƙashi ba sai muƙamuƙinsa ya gama girma, wajen shekara 18 ko fiye. Kafin nan ƙashin wurin na lotsawa, haƙoran gefe na karkatowa cikin giɓin. Haƙorin roba mai cirewa ake yi masa, a riƙa sake shi yana girma, kowane karo da kuɗinsa. Ga iyalin da ke ƙauye a haɗa da kuɗin mota da ranar aiki da aka rasa.

Akwai kuma abin da ba a lissafa shi da kuɗi. Yara ba sa raga wa juna, sunan "mai wawulo" na iya bin mutum har girmansa. Za ka ga yarinya ta daina ɗaga hannu a aji, in za ta yi dariya sai ta kai gefen hijabi baki. A Islamiyya ma abin na fitowa, domin haruffa irin su sa'u mai ɗigo uku da zalun da fa'un daga gefen haƙoran gaba na sama suke fita, kuma malamin tajwidi zai yi ta gyara wa yaro abin da ba laifin harshensa ba ne.

Ɗan yayan nawa yanzu yana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma wannan ne haƙorin roba na uku da aka yi masa. Yakan cire shi ya sa a aljihu in zai buga ƙwallo. Da muka koma da shi asibiti a hutun da ya wuce, likitar ta duba ƙanwarsa 'yar shekara 6 da ta biyo mu, ta ɗaga mata leɓe, ta tambaya ko har yanzu tana tsotson yatsa da dare. Tana yi. An ba mu wata 6 mu dawo da ita a sake auna tazarar.